Ƙafar Babur da Ƙofar Masaƙa

Duk wanda ya taɓa kai babur gyara a Kakuri ta Kaduna ya san abin da ake fara yi tun kafin a ɗauko sifana. Yaron gareji zai karɓi mashin ɗin, ya riƙe kansa da hannun hagu, ya kama kariya da na dama, ya taka wani ɗan ƙarfe da ke leƙowa daga ƙarƙashin inji, sannan ya ja baya. Sai babur ya ɗago ya zauna daram, tayar baya ta rabu da ƙasa da kamar yatsa biyu, tana juyawa ba mai riƙe da ita. Daga nan ne bakanike ke tsugunawa. A haka zai ja sarƙa, ya duba baƙin mai, ya gwada birki, ya kasa kunne ya ji kukan inji. Wannan ƙarfe mai ƙafa biyu a gareji za ka ji ana ce masa dabul sitan, don a bambanta shi da ƙafa ɗaya ta gefe, wadda ake shurowa a jingine babur a kanta. Ni zan kira shi ƙafar tsakiya.

Mai sayen babur ba ya tambayarta. Shan mai yake tambaya, da ƙarfin inji, da ko an taɓa buɗe shi. Amma maƙeran babura sun yi wajen shekara hamsin suna kokawa da ita kafin ta zauna a inda muka same ta, kuma sun gwada dabaru a hanya waɗanda wanda bai gani ba zai yi wuya ya yarda. Abin da ya sa nake ganin Kakuri na da rabo a labarin nan shi ne, a bakin masaƙunta ne ƙafar tsakiya ta yi ainihin aikin da aka ƙera ta dominsa, a zamanin da babur abin hawan ma'aikaci ne, ya kai shi aiki, ya tsaya ya jira shi awa takwas, ya mai da shi gida.

Abin hawa mai taya biyu ba ya tsayuwa da kansa, kuma tare da wannan matsala aka haifi babur. Wanda Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka harhaɗa a Jamus a 1885 da katako aka yi jikinsa, aka maƙala masa ƙananan tayoyi biyu a gefe don kada ya kife, irin waɗanda ake sa wa keken yara. A 1894 kamfanin Hildebrand & Wolfmüller na birnin Munich ya fara ƙera babur don sayarwa, Faransa da Ingila suka karɓa. Baburan farkon ƙarni na 20 kekuna ne da aka ɗaura wa inji. Ba su da kik, yawancinsu ba su da kuloci, bel ne ke ɗauko juyi daga inji kai tsaye zuwa tayar baya. In kana so ya tashi, ko dai ka tura shi da gudu ka yi tsalle ka haye, ko ka yi ta taka feda har inji ya kama. Da sanyin safiyar Turai wannan ba ƙaramar wahala ba ce. Saboda haka aka lanƙwasa wani ƙarfe, aka ɗaure bakinsa biyu kusa da gindin tayar baya. A sauko da shi, a ja babur ya hau, taya ta ɗago, mutum ya hau sirdi ya yi ta taka feda a wuri ɗaya har inji ya tashi ya yi zafi. In za a tafi, a ɗaga ƙarfen a maƙale shi a jelar madigadi.

Bahaushe ba ya buƙatar a zana masa wannan, domin ita ce ƙafar da ke bayan keken Raleigh da Phoenix har gobe. Aikinta na biyu kuwa faci ne. Titunan wancan zamani na dawakai ne, cike suke da ƙusoshin da ke zubewa daga takalman ƙarfen da ake buga musu a kofato, sai faci ya zama abin kullum. Shi ya sa babura da yawa suka zo da wata ƙafar a tayar gaba ma. Wasu maƙeran, don rage nauyi, suka mai da kariyar ɗaukar kaya ta zama ita ce ƙafar: a kwance ta, a juyo da ita ƙasa ta bayan taya. Dabara ce mai kyau a takarda, sai dai duk wanda ya ɗaure kaya a kai dole ya sauke su kafin ya kafe mashin, don haka ba ta daɗe ba.

Feda ta tafi, ƙafar baya ta zauna. Triumph samfurin H na 1915 ya zo da kik da giya uku, aka ƙera wajen 30,000 don masu kai saƙo a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma a baya ƙafarsa take. Ana cikin wannan yaƙi ne, a 1917, hedkwatar Arewa ta taso daga Zungeru ta dawo Kaduna. Kudancin kogin Kaduna, inda Kakuri take, a lokacin ba masana'antu, layin dogo ne babban abin da ke can, wanda ya isa Kano a 1911, daga baya na Fatakwal ya zo ya haɗu da shi. Baburan da Turawan mulki da 'yan mishan da ma'aikatan kamfanonin ciniki suka riƙa shigowa da su ƙasar nan a shekarun da suka biyo baya galibi na Ingila ne, masu ƙafar baya.

Aibin ƙafar baya nauyi ne. Tana can ƙarshen babur, nesa da inda nauyinsa ya taru, don haka mai kafewa sai ya sauka, ya zagaya baya yana riƙe da mashin kada ya faɗi, ya ɓalle ƙafar, sannan ya ɗaga kusan rabin nauyin babur da ƙarfin damtsensa da bayansa. Lokacin da babur bai fi keke da yawa ba, ba wanda ya damu. Da injuna suka girma, babur ya kai kilo 150 ya wuce, sai abin ya zama jarrabawa, musamman ga mai shekaru ko mara jiki.

Kamfanin Rudge na Coventry na cikin waɗanda suka fara ɗaukar wannan kuka da muhimmanci. Rudge gidan dabaru ne: injinsu bawul huɗu gare shi a kan silinda ɗaya, birkin ƙafarsu na kama gaba da baya lokaci guda, kuma bayan Graham Walker ya ci gasar Ulster a 1928 da gudun da ya haura mil 80 a awa, suka sa wa shahararren baburinsu suna Ulster. A farkon shekarun 1930 suka dawo da ƙafa ƙarƙashin inji, suka haɗa ta da wani dogon mariƙi na ƙarfe a gefen hagu. Mai babur ba ya ɗaga komai. Mariƙin zai kama ya ja, tsawonsa ya yi masa aikin, kamar yadda ake tayar da dutse da dogon ƙarfe, babur ya hau ƙafa a hankali. Waɗanda ke riƙe da tsofaffin Rudge a yau har yanzu da wannan mariƙi suke fara nuna wa baƙo. Kamfanin bai ga bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba. Kamfanin EMI ne ya saye shi, kuma da yaƙi ya ɓarke a 1939 aka daina ƙera babur, aka juya masana'antar ga kayan soja.

Shi yaƙin da tasa buƙatar ya zo. BSA M20, wanda aka ƙera fiye da 120,000 don sojan Birtaniya, nauyinsa ya haura kilo 160, kuma ba a kan kwalta zai tsaya ba, a yashi ne da taɓo da gona. Ban da ƙafar baya, sai aka ƙara masa wata doguwar sanda ta ƙarfe mai tsini, an ɗaure kanta can sama kusa da sirdi a gefen hagu, tana kwance a jikin babur. Soja zai ɓalle ta, ya caka ta a ƙasa nesa da mashin, ya jingina shi, kamar yadda ake tokare rumfa da gwafa. Irin waɗannan babura sun bi sojan Birtaniya duk inda suka je, har gabashin duniya, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da 'yan Arewa da yawa a ciki, suka yi yaƙin Bama.

Wanda ya fi kowa zurfafa tunani a kan tsayuwar babur, a ganina, shi ne kamfanin Vincent na garin Stevenage. Philip Vincent da injiniyansa ɗan Ostareliya, Phil Irving, sun fito da sabon samfurin Rapide a 1946, sai Black Shadow a 1948, wanda ke gudun kilomita 200 a awa, ba baburin kasuwa da ke kamo shi a lokacin. Da gudu aka san su, amma a duba ƙasansu. Ƙafar gefe biyu gare su, ɗaya a hagu ɗaya a dama, don duk yadda ƙasa ta karkace mutum ya sami ɓangaren da zai jingina. In aka kwance noti ɗaya, sai ƙafafun nan biyu su sauko tare su zama ƙafa guda da ke ɗaga tayar gaba. A baya kuma ga tsohuwar ƙafar baya, madigadi na buɗewa sama kamar murfin akwati, ƙarfen da ke riƙe da taya yana da mariƙinsa da ake juyawa da hannu, ba sai an nemi sifana ba. Tayar baya ma haƙoran sarƙa biyu gare ta, ɗaya a kowane gefe, girmansu daban, in mutum zai ja kaya ko zai hau tsauni sai ya juya tayar. Duk wannan an yi shi ne don mutumin da faci zai kama shi da dare, shi kaɗai, nesa da gari. A samfurinsu na ƙarshe, na 1955, masu suna Black Prince da Black Knight, suka ɗauko dabarar Rudge: ƙafar tsakiya mai dogon mariƙi a hagu, wadda mahayi ke ja ba tare da ya sauka ba. A watan Disamba na wannan shekara kamfanin ya daina ƙera babura, tsada ta kashe kasuwarsu.

Akwai kuma Velocette LE na Birmingham, wanda ya fito a 1948, ɗan ƙaramin babur mara ƙara mai sanyaya inji da ruwa kamar mota. An yi shi ne don wanda bai taɓa hawa babur ba, don haka ba kik gare shi ba, wani mariƙi ake ja da hannu ya tashi, kuma an haɗa mariƙin da ƙafar tsakiya yadda jan da zai tayar da inji shi ne zai naɗe ƙafar. Ba yadda za a yi mutum ya manta da ita a ƙasa. 'Yan sandan Ingila sun saye shi da yawa don sintirin unguwanni. A 1958 kamfanin ya haƙura ya mai da shi mai kik kamar sauran.

Abin da ya raba gardama a ƙarshe ba hikimar mutum ɗaya ba ce, sifirin ne. Muddin tayar baya a ɗaure take kam a jikin firam, ƙafar baya na da wurin zama. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka fara sa wa tayar baya abin shanye gargada, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1950 kusan kowane babur tayarsa ta baya a kan wani hannu take mai hawa da sauka. Wurin da ƙafar baya ke kamawa ya zama wuri mai motsi. Dole ta taso ta dawo inda ba ya motsi, wato ƙarƙashin giya, daf da tsakiyar nauyin babur. A nan kuwa sai aka ga abin ya zo da sauƙi biyu. Da yake nauyin gaba da na baya sun kusa daidaita a kanta, ƙafa ɗaya ta wadatar: a danna baya gaba ya ɗago, a danna gaba baya ya ɗago. Sannan ɗan ƙarfen nan da ake takawa ya maye gurbin dogon mariƙin Rudge, nauyin jikin mutum ya yi aikin da damtse ke yi. Sirrin tsayuwarta kuma ɗan ƙarami ne: ƙafafun ba sa tsayawa a miƙe sak, sukan ɗan wuce gaba su tokari wani matokari, sai nauyin babur da kansa ya kulle su.

Daidai wannan lokaci ne Kakuri ta zama Kakurin da aka sani. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ke kira KTL, ta fara aiki, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead & Sons na Lancashire. Audugar Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau, wadda da ake gurzawa a ɗora wa jirgi zuwa Ingila, ta sami inda za a saƙa ta a gida. Nortex ta biyo a 1962, kamfanin giya ya buɗe a 1963, a 1964 aka kafa masana'antar kayan soja ta DIC da kuma UNTL ta 'yan kasuwar Hon Kon, sai Arewa Textiles ta Japanawa. A 1975 Peugeot ya fara harhaɗa motoci. Mutane suka yi ta kwararowa daga Kudancin Zariya, da Filato, da Binuwai, da ƙasar Igala, da Bendel, da garuruwan Hausa, suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya, wasu kuma suna tsallako gada daga Tudun Wada. Injin saƙa ba ya barci, aiki kashi uku ne a kwana, wasu na fita wasu na shiga, har da tsakar dare lokacin da ba motar haya. Mai irin wannan aiki dole ya nemi abin hawa nasa. Da fari keke ne. Babur kuwa shi ne burin kowa.

Baburan da suka cika wannan buri ba na Ingila ba ne. Vespa ta zo daga Italiya, kuma abin mamaki, ta farkon da Corradino D'Ascanio ya zana wa kamfanin Piaggio a 1946 ba ta da ƙafa ko ɗaya, jingina ta ake yi da gefen matakinta a bakin titi. Bayan 'yan shekaru aka sa mata ƙafar tsakiya mai faɗi da takalman roba, kuma da ita ta zo mana. Injin Vespa a gefen dama yake, nauyinta ba a tsakiya yake ba, don haka tana son ƙafa mai buɗaɗɗen tsayuwa. Ta dace da mai babbar riga, ga wurin sa ƙafa, ga garkuwa a gaba mai tare taɓo, ga tayar safaya a maƙale, shi ya sa malamai da 'yan kasuwa da akawuna suka rungume ta. Daga Faransa kuma ga Mobylette, wadda ta fito a 1949 ta cika Maraɗi da Damagaram da Yamai, ta tsallako iyaka. Wanda ya taɓa ganin ana tayar da ita ya ga tarihi da idonsa: a ɗora ta a ƙafar tsakiya, a hau, a yi ta taka feda tayar baya na juyawa a iska har inji ya kama, daidai yadda aka yi a Turai a farkon ƙarni na 20.

Amma Japan ce ta ci kasuwar. Honda Super Cub ya fito a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera miliyan 100, ba abin hawa mai inji da ya kai shi yawa a duniya. Shi ne kakan duk baburan da muke kira na mata, da roba-roban da suka zo daga Sin daga baya. Ga Honda Benly da Honda 175, ga Yamaha 100, ga Suzuki. Sai CG125 a tsakiyar shekarun 1970, wanda injiniyoyin Honda suka tsara bayan sun zaga ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake lafta wa babur kaya, ana barin baƙin mai har ya zama kamar kwalta. Duk waɗannan ƙafar tsakiyarsu iri ɗaya ce: bututun ƙarfe biyu, sanda a tsakani, ƙusa ɗaya da take juyawa a kai, sifirin ɗaya. Ba mariƙi, ba haɗi da kik, ba wata dabara.

Kuɗin saye ya zo da Udoji. Kwamitin da Jerome Udoji ya shugabanta ya miƙa rahotonsa a 1974, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙara albashi, mafi ƙanƙanta ya koma naira 720 a shekara, aka kuma biya ariyas na watanni a dunƙule a farkon 1975. Ma'aikatan kamfanoni suka tashi tsaye sai da su ma aka ba su nasu. Mutumin da bai taɓa riƙe kuɗi masu yawa a lokaci guda ba ya riƙe, kuma abin da aka fi saya rediyo ne da keken ɗinki da babur. Kasuwar ta yi girman da a 1979 Honda ta kafa kamfanin harhaɗawa a Ota ta Jihar Ogun.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya duba bakin masaƙa da rana tsaka, lokacin da masu aikin safe ke ciki. Kekuna a jere, babura a jere, kusan duka a kan ƙafar tsakiya. Ba ado ne ya sa ba. Babur a miƙe ya fi cin ƙaramin wuri, ana iya jera su kafaɗa da kafaɗa. Wanda aka jingina a gefe na tsawon yini, tsohon kafireto kan yi ta ɗigar da fetur, in kuma mai shi ya manta bai rufe makunnin mai ba ya dawo ya tarar fulogi ya jiƙe. Sannan ga ƙasar Kaduna. Da rani jar ƙasar nan kamar dutse take, amma da damina ta sauka, a Yuli da Agusta, ƙafar gefe mai tsini ɗaya nutsewa take yi a hankali, babur ya kwanta, ya tura na kusa da shi, shi ma ya tura na gaba. A watan Maris da Afrilu kuma kwalta kanta laushi take yi. Ƙafa biyu sun raba nauyin, in an sa musu ɗan katako ko faffaɗan dutse a ƙasa sai su wuni ba motsi.

Akwai wani abu da ya ƙara wa ƙafar gefe rauni a ƙasar nan, wanda ba kasafai ake lura da shi ba. A hagu take a kusan kowane babur, ɓangaren da mahayin doki ke hawa, a Turai da ƙasar Hausa duka. A Ingila da Japan, inda ake tuƙi ta hagu, babur na jingina ne zuwa bakin hanya, inda ƙasa ta gangara. Haka muke mu ma har ranar 2 ga Afrilu 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi ta dama. Daga ranar, baburin da aka kafe a bakin titi ƙafarsa ta gefe na taka ɓangaren da ya fi tudu, sai ya tsaya kusan a miƙe, iska ko ɗan gogar mai wucewa ya isa ya kifar da shi ta ɗaya ɓangaren. Ƙafar tsakiya ba ruwanta da hagu ko dama, shimfiɗaɗɗen wuri kawai take nema.

Ranar hutu kuma ita ce garejin ma'aikaci. Mutumin da ya wuni yana kula da injin saƙa ba ya tsoron sifana. Da safe zai fito da mashin ƙofar gida, ya ɗora shi a dabul, ya wanke, ya juya taya da hannu yana ɗiga wa sarƙa mai, ya ja ta in ta saki, ya kwance fulogi ya goge, ya auna baƙin mai, wanda ba ya aunuwa daidai sai babur na miƙe. Yara na tsugune suna miƙo tsumma. Da yawa daga cikin kanikawan da suka yi suna a kudancin Kaduna a irin wannan tsugunno suka fara ganin cikin inji.

In ana maganar ƙafafu masu ban mamaki, to ba a Coventry da Stevenage kaɗai aka yi su ba, masu waldan Kakuri ma sun yi nasu. Ƙafar tsakiya tana cinyewa ta wuri uku. Tafinta na gogewa da siminti har bututun ya huje. Ramin da ƙusa ke juyawa a ciki na faɗaɗa, saboda masu buga kik babur na kanta, da masu zama a kai suna hira, da masu juya mashin a kanta a cikin ƙuntataccen zaure. Matokarin kuma na lotsewa, ƙafafun su wuce gaba fiye da kima, tayoyi biyu su dawo ƙasa, sauko da babur ya zama aiki. Mai walda zai cike matokarin, ya zura rodi a cikin bututu, ya liƙa wa tafin faffaɗan ƙarfe, sau da yawa guntun sifirin mota, wanda ya fi na kamfani faɗi saboda ya san damina. Wanda ya sa wa mashin doguwar shokanzoba don ɗaukar buhu sai an ƙara wa ƙafar tsawo, wanda ya gaji da ɗagawa a ƙara masa tsawon abin takawa. Wannan na ƙarshe tunanin Rudge ne sak, ko da mai waldan bai taɓa jin sunan ba.

Ina ganin a nan ne aka yanke hukunci tsakanin dabarun Ingila da sauƙin Japan. Mariƙin Rudge da na Vincent suna da gaɓoɓi da ƙusoshi da yawa, kowace gaɓa kuwa wurin shigar ƙura ce da sakin jiki, in ta karye sai an aiko da irinta daga inda aka ƙera ta. Ta Japan kuwa duk mai injin walda a bakin kasuwar Monday ta Kakuri zai tashe ta kafin la'asar. Duk da haka ba na raina tambayar da Turawan nan suka yi, wato wa zai ɗaga wannan babur? Na sha ganin dattijo ya iso da Honda 175 yana neman yaron da zai ɗora masa, na ga malamar asibiti tana fama da nata a kan tsakuwa. Tambayar tana nan ba ta tsufa ba. Kamfanin BMW ya amsa ta a shekarun 2000 da ƙafa mai aiki da lantarki da matsin mai a babban baburinsa K1200LT, a danna maɓalli ya hau da kansa, amma wannan amsa ce ta masu hali.

Daga nan labarin ya juya da sauri. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabon baburin Japan ya fi ƙarfin mai albashi. Masaƙu suka shiga matsalar wuta da man injuna da atamfar fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi bayanta, UNTL ta tsaya a 2007. Dubban mutane suka wayi gari ba aiki, da yawa ba a biya su haƙƙinsu ba, wasu har suka rasu suna jira. Wanda ke da babur a cikinsu, abin da ya rage masa ke nan, sai ya fito da shi acaɓa. Jincheng mai araha ya shigo daga Sin, Bajaj Boxer ya biyo daga Indiya, matasa suka cika titi. Kano ta hana acaɓa a 2013, Kaduna ta hana a cikin birni a 2014, amma a lungunan unguwanni da bayan gari sana'ar ba ta mutu ba.

Baburin ɗan acaɓa ba ya jiran kowa awa takwas. Tsayuwarsa ta minti biyu ce, mai shi na zaune a kai, ƙafarsa ɗaya a ƙasa, idonsa na kan hanya. In zai sauka shan ruwa ko salla, ƙafar gefe ya shura. Ta tsakiya kuma, in an ɗauki mutum biyu da buhu, ita ce ke fara gugar ƙasa a kwana da kan tudun rage gudu, don haka wasu ke cire ta gaba ɗaya. In irin wannan mashin ya zo gareji, sai yaro ya nemo bulo ko kututture a tura ƙarƙashin inji, wani ya riƙe kai, kafin a iya cire taya.

Tsofaffin na nan jefi-jefi. Ranar Juma'a a bakin masallaci, ko Lahadi a harabar coci a Kakuri da Nasarawa, za ka iya cin karo da Vespa ko Honda 175 da fentinsa ya koɗe, a tsaye a miƙe a tsakiyar sababbin da suka karkata hagu. Mai son sanin shekarun da ya yi yana aiki kada ya dubi agogon mil, wannan ya daɗe da tsayawa. Ya durƙusa ya dubi ƙafar. Zai ga walda a kan walda, kowace da hannun wanda ya yi ta, tafin ya sha sauyi ya fi sau ɗaya. Sau da yawa sifirin da ke riƙe ta sama ya ɓace tun tuni, an yanko robar tsohon tiyub an ɗaure ta da ita a jikin firam, mai shi na kwancewa in zai kafe, ya mayar in zai tafi.